Layi na Uku

Ni dai a rayuwata ban taɓa ɗaukar waya da muhimmanci ba. In ta yi ƙara in ɗauka, in ta mutu in aika a kai caji. Babbar da nake da ita ma ta faɗa robar wanki tun bara, na koma riƙe 'yar ƙarama mai tocila, ko a jikina. Sai ga shi rana ɗaya ni ce zaune a kan tabarma, cikin takaba, da tsohon ciki, an ce sai na zaɓi inda zan ajiye muryar mijina kafin gari ya waye a sayar da wayarsa.

Muhammad Nur sunansa. Yanzu da ba ya nan ne bakina yake iya kama sunan. Hatsi yake saye da sayarwa a kasuwar Babura, gero da dawa da wake, rabin abokan cinikinsa mutanen Nijar ne, sefa da naira duk a aljihu ɗaya yake cusa su. Mun daɗe Allah bai ba mu haihuwa ba. Da cikin ya tashi zuwa kuma, sai ya zo tare da ciwon ƙodar da ya kwantar da shi.

Ya san ba zai ga ɗan ba. Bai taɓa faɗa ba, amma ya sani. In an yi la'asar sai ya ce, "Bafillatana, je ki dubo tukunyarki," alhali babu abin da ke kan wuta. In na fita sai in ji yana magana ƙasa-ƙasa shi kaɗai. Na ɗauka ciwon ne ya fara taɓa masa kai, na yi kuka na gode wa Allah. Ashe muryarsa yake ɗauka a waya. Ya yi kiran sallah, wai a sa wa jaririn a kunne bayan an yi masa huɗuba. Ya yi ta ba shi labarin kakanninsa da suka taso daga gabas. Har tsiya ya yi mini a ciki: "Uwarka Bafillatana ce daga Roni, ka yi haƙuri da ita, mu Barebari don haƙuri da su aka halicce mu." Akwai kuma waɗanda ba na yaron ba ne. Nawa ne, ni kaɗai, da sunan da yake kirana da shi in babu kowa.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu ya sa mini guda ɗaya na ji, ya ce, "In ya yi wayo ki sa masa. Ya san ubansa ba hoto ba ne." Abin da ya bar mini ke nan in riƙe, ba gona ba, ba gida ba.

To, gidan nan akwai Baba Kura, wan mahaifin mijina, shi ne babba. Kada wani ya ce mugu ne, don wallahi ba mugu ba ne. Tsoron dukiyar maraya ne ya yi masa yawa har ya zama ciwo. Tun ranar sadakar uku ya tattara komai na mamaci ya kulle, har agogo da takalmin masallaci. Gado ba zai rabu ba sai na haihu an ga mace ce ko namiji. Amma abin da zai lalace ko darajarsa ta faɗi, irin buhunan wake da babur da waya, ya ce a sayar a ajiye wa magada.

Na aika surukata Hajja Kaka ta roƙar mini wayar, a cire a rabona. Da kansa ya zo ya tsaya a bakin ƙofata, ni ina durƙushe a bayan labule.

"Zulaikha, an gaya mini saƙonki. Ba na gida da zai ɗauki wayar nan, ko da kuɗinsa. Gobe a ce an karya mata farashi an cuci maraya, ni zan amsa a gaban Allah. Sama'ilu mai waya zai zo gobe da safe ya ɗauka. Me ke ciki da kike so?"

Na buɗe baki in faɗa, kunya ta hana ni. Ta yaya zan dubi dattijon nan in ce muryar ɗanku ce yana yi mini hira? Na ce, "Hotuna ne, Baba."

"To, ga ta nan. Ki kwashe hotunanki yau."

Ya turo ta ƙarƙashin labule ya tafi. In kwashe in zuba a ina? 'Yar wayata ko hoto ɗaya ba ta ɗauka, ta marigayin kuma irin wadda ba ta da wurin sa memori ce. Fita kuwa, a gidan nan mai takaba ko zaure ba ta leƙawa. Na kira yayata Nafisat da ke aiki a sakatariya a Kazaure, ina kuka ina faɗa mata rabi da rabi. Kafin azahar ta sauka daga motar haya, mayafi a karkace, tana masifar direba.

Ta karɓi wayar ta duba, ta ce, "Tabɗi! Wannan ai wa'azin watan azumi ya ɗauka. To me ye na kuka? Kawo in tura su cikin tawa."

"A'a."

"A'a kamar yaya?"

"Yaya Nafi, wayarki da 'ya'yanki ke kallon fim a ciki? Wadda mijinki ke ara in tasa ta mutu?"

"To sai me? Me ya faɗa a ciki da duniya ba ta taɓa ji ba?"

Ta dube ni, ta gane, ta yi tsaki, ta ce wannan kunyar tawa ta Fulanin daji wata rana sai ta kashe ni. Ni kuwa har gobe ina nan a kan bakana. Wace mace ce za ta so yayarta, uwa ɗaya uba ɗaya, ta ji abin da mijinta ya raɗa mata yana kan gadon mutuwa?

Ta zauna ta cire takalmi, ta ce to saura ma'ajiyar intanet. Kamar rumbu ne, in ji ta, sai dai ba a tsakar gidanka yake ba. Ka zuba kayanka, ko wayar ta ƙone suna nan, duk ranar da ka sami wata wayar ka buɗe ka gani. Na ce rumbun wa? Ta ce na kamfani. Na ce a ina yake? Ta ce, "Oho! Ke dai zaɓi."

Ta nuna mini guda uku. Na farko mai shuɗin tambari, shi take amfani da shi a ofis. Wurinsa da faɗi, amma duk wata sai an cire wani abu a katin banki, in ka daina biya su yi maka gargaɗi, in ka ƙi ji su share. Na ce wannan ba rumbu ba ne, ɗakin haya ne. Yaron da ko haihuwarsa ba a yi ba, sai ya yi wayo, wa ya san halin da zan kasance a wani watan, balle shekaru? Ranar da na kwanta ciwo na manta, shi ke nan a share mini miji?

Na biyu kyauta ne, amma sai da imel da kalmar sirri mai haruffa manya da ƙanana da wasu alamomi kamar rubutun likita. Nafisat ta ce in rubuta a takarda in ɓoye. Na ce a gidan da aka kulle takalmin masallaci, wace takarda ce za ta ɓoyu? In kuma ita ta riƙe mini kalmar, ai daidai yake da na zuba a wayarta. Ta ce, "Wato ni ce ɓarauniyar." Muka ɗan taɓa faɗa, Hajja Kaka ta yi gyaran murya a tsakar gida, muka rage sauti.

Na uku mai koren tambari, shi ma kyauta, wurinsa ba yawa amma zai ɗauke muryoyin tsaf. Ba imel, ba kalmar sirri. Lambar wayarka ce mabuɗinka. Duk sanda za ka shiga sai su turo maka lambobi shida ta saƙon tes, ka rubuta, ƙofa ta buɗe. Na ji wani sanyi a raina. Lambata ai tawa ce tun ina amarya, ko cikin barci aka tashe ni zan karanto ta, kuma layin yana nan a cikin 'yar wayata da ba ta rabuwa da haɓar zanena. Babu abin biya, babu abin mantawa, babu mai shiga sai ni.

Nafisat ta ce ita dai ta fi yarda da mai imel ɗin. Na ce nawa ne ko naki? Ta ce Allah ya ba ki haƙuri.

Lodawar ma wani aiki ne. A ɗakina sabis ɗin Nijar wayar take kamawa, sai a bayan madafi ake samun namu. Haka Nafisat, babbar ma'aikaciya, ta hau turmi ta ɗaga waya sama tana zagin kamfanin layi, ni ina daga bakin ƙofa ina tambayar saura nawa. Sai dab da magariba ya gama. Don a tabbatar, ta sa lambata a wayarta, tes ya shigo tawa, na karanta mata, sai ga su nan jere, duk muryoyin, ko ɗaya bai ɓata ba. Na fizge wayar kafin yatsanta ya taɓa wani.

"Ki bar shi a buɗe a tawa, Zulaikha, ko don tsaro. Wallahi ba zan saurara ba."

"Fita daga ciki."

Ta fita a gabana, na sa ta goge manhajar gaba ɗaya. Da safe Sama'ilu ya zo, ya wanke wayar mijina tas a zaure a gaban shaidu, ya tafi da ita. Ban ko yi hawaye ba. Na ce a raina ku tafi da kwalin.

Ba a yi sati biyu ba na tashi na ga 'yar wayata ba sabis. Ban damu ba, a Babura wannan ba labari ba ne. Kwana ɗaya, kwana biyu, na kowa ya dawo ban da nawa. Na kashe na kunna, na cire layin na goge da bakin zane, shiru. Ina cikin haka na jiyo Yakubu, ƙanin mijina, yana ba Hajja Kaka labari a tsakar gida. Wai wani ɗan kasuwa ya rasu a Gwiwa, 'yan damfara suka bi ta layinsa suka yashe masa banki, shi ne Baba Kura ya aike shi Kazaure da takardar shaidar mutuwa a rufe duk wani layi da ke da sunan marigayi.

"Abin mamaki, Hajja, mu layi biyu muka sani, su kuwa suka ce uku ne. Na ce su rufe duka."

Na dafa bango na zauna. Layin nan a cikin kayan lefena ya zo, da waya a kwalinta. Mijina ne ya sayo, shi ya yi rajista da sunansa, da aka zo maganar haɗa layi da katin ɗan ƙasa ma shi ya je ya bi dogon layi a rana, ya ce me zai sa matarsa ta je ta cakuɗu da maza. Har alfahari na yi wa matan unguwa a lokacin. Rabin matan Babura haka layinsu yake, je ka tambaya. Shekara da shekaru ina cewa lambata, lambata, ashe a takardar kamfani ni ba kowa ba ce.

A ranar na manta da wata kunya. Na sa aka kira mini Baba Kura, na faɗa masa komai ta bayan labule, har kiran sallar. Da na gama sai ya ce:

"Hotuna kika ce mini, 'yar nan."

Ya tura Yakubu ya koma Kazaure washegari, Nafisat ta bi shi. Aka ce musu layin da aka rufe da shaidar mutuwa ba ya buɗuwa sai magaji ya kawo takardar kotu. Suka je kotu, aka ce ba takarda sai an raba gado. Gado ba ya rabuwa sai na haihu. Ni kuma ba na fita sai na haihu. Na ce to in je da kaina in yi musu bayani, ai lalura ce, ko malamai sun yarda. Hajja Kaka ta ce in na taka ƙofar gidan nan da wannan cikin, a kan hanyar Kazaure, a cikin motar haya, ba da yawunta ba. Nafisat ta rubuta wa masu koren tambarin, suka amsa da dogon Turanci mai ladabi, ma'anarsa dai kayanki suna nan lafiya, ki shiga da lambarki.

Haka na ƙarasa watannin nan. Ɗaki, tsakar gida, banɗaki, ɗaki. In yaron ya motsa a cikina sai in ji kamar tambayata yake. Na yi fushi da Baba Kura, na yi fushi da Yakubu, na yi fushi da Nafisat da ba ta tsaya kai da fata ba, har shi marigayin na yi fushi da shi, da kishinsa na banza da ya hana ni zuwa in dangwala yatsana. Daga baya sai in yi istigfari in yi masa addu'a.

Namiji na haifa. Baba Kura ne ya yi masa kiran sallah a kunne, da tsohuwar muryarsa, yana yi yana share ido da hannun riga. Aka mayar masa da sunan ubansa, muna kiransa Muhsin. Aka yi suna, na yi wanka, aka raba gado, kotu ta ɗaga zama ta sake ɗagawa. Ranar da takardar ta fito na goya Muhsin na tafi Kazaure da ƙafata, na miƙa wa wata yarinya mai kirki a bayan gilashi. Ta daddanna, ta dube ni, ta dubi goyon, ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Lambar ta daɗe a rufe, ta koma cikin waɗanda za a sake sayarwa. Ba ta hannunmu." Na ce a sayar mini. Ta ce ba a zaɓa, inji ne ke rabawa, tana iya faɗawa ko'ina a ƙasar nan.

Na koma gidanmu a Roni. Da rabona na sayi babbar waya da sabon layi, wannan karon da yatsana. Na sauke manhajar koren tambarin. Kullum in na idar da azahar sai in kira tsohuwar lambata, matar nan ta kamfani ta ce mini ba ta aiki. Innata ta ce na zama kamar mai zuwa gaida kabari.

Muhsin ya fara rarrafe, rannan ina zaune a inuwar darbejiya ina tsince shinkafa, na kira kamar kullum. Sai na ji tana ringi. Farantin ya zame daga cinyata.

"Salamu alaikum, wa ke magana?"

Bahaushe ne, dattijo, ina jiyo kukan tumaki a bayansa. Na ce Alhamdu lillahi a fili. Na gaishe shi har sau biyu, na ce, "Baba, don girman Allah ku saurare ni, kada ku kashe." Na ba shi labari tun daga ciwon ƙoda har zuwa yarinyar bayan gilashi. Abin da na kasa faɗa wa Baba Kura a ranar farko, na zazzage wa baƙo. Bai katse ni ba. Yana ta cewa Allahu akbar, Allah ya jiƙansa, Allah ya raya maraya.

Na ce, "Baba, yanzu wani tes zai shigo muku, lambobi shida ne. Su kawai za ku karanto mini. Ba kuɗi, ba komai."

Na sa shi a sifika, na rubuta lambar, na danna. Ta can na ji wayarsa ta yi ƙara.

"Ya shigo," in ji shi. "Bari in nisanta da ido, ban zo da tabarau ba. Bakwai... huɗu..."

Na rubuta bakwai, na rubuta huɗu. Daga nan tumakin kawai nake ji.

"Baba?"

"'Yata, a ƙasa an rubuta kada a faɗa wa kowa."

"Haka suke rubutawa, Baba, amma nawa ne, wallahi nawa ne!"

Ya ja dogon numfashi. "Kin san abin da ya sa na canza layi? Bara wata ta kira ni. Muryarta kamar taki, tana kuka kamar ke. Ita ma mijinta ya rasu. Na karanta mata. Kuɗin ragunan da na yi shekara ina kiwo, kafin in kai gida babu ko sisi. Ɗana ya sa na dafa Alƙur'ani ba zan ƙara ba."

"Ku faɗa mini garinku in zo da yaron ku gan shi. Ku tambayi kowa a Babura. Baba, ga shi nan, ku ji kukansa!"

Na ɗago Muhsin na kara masa wayar. Ɗan nan da ke ihu dare da rana, ranar ko ƙiris bai yi ba, dariya ma yake yana kama igiyar hijabina.

"In gaskiya kike faɗa, ki yafe mini," in ji dattijon. "In kuma ƙarya ce, Allah ya shirye ki."

Ya kashe. Na sake kira, ba ta shiga. Na ari wayar innata, ya ɗauka, yana jin muryata ya kashe. Nafisat ta gwada, Yakubu ya gwada, Baba Kura da kansa ya kira ya ce shi dattijo ne ɗan'uwansa, aka ce masa ai dama ƙungiya ce da su.

Ban zage shi ba, ko sau ɗaya. Da ni ce ma ba zan karanta ba. Muhsin yanzu yana gudu ko'ina, duk namijin da ya shigo gidanmu sai ya bi shi yana ce masa Baba. Ni kuwa bakwai da huɗu kawai nake da su.